Sana'ar da takarda ba ta ɗauka

A watan Satumba na shekarar 2011 birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya karɓi baƙuncin babban taron cibiyoyin kimiyya na duniya, karo na shida, kuma shi ne karon farko da taron ya sauka a nahiyar Afirka. An fara shi ne a 1996 a Vantaa ta ƙasar Finland, aka je Kalkata a 1999, Canberra a 2002, Rio de Janeiro a 2005, sannan Toronto a 2008. Cibiyar kimiyya, ga wanda bai taɓa shiga ba, gida ne da aka cika da na'urori waɗanda aka ƙera musamman domin a taɓa su, a murɗa, a ja, a hura, a leƙa. A gidan adana kayan tarihi akan sa kaya cikin gilashi a hana hannu kai musu. A nan kuwa na'urar da ba a taɓa ba ta yi kwantai. Mutanen da ke aiki a irin waɗannan gidaje suna da nasu tarurrukan na shekara-shekara ban da wancan babban: ƙungiyar ASTC da aka kafa a Amurka a 1973, da Ecsite ta Turai da aka kafa a 1989, da SAASTEC ta kudancin Afirka, da wasu a Asiya da Latin Amurka. Babban taro yakan tashi da sanarwar bayan taro, kamar wadda aka fitar a Cape Town, kuma ita ce 'yan jarida suke ɗauka. A ganina sanarwar ita ce mafi ƙarancin amfani cikin abin da ake samu a wurin. Abin da ke biyan kuɗin jirgi yana faruwa ne a wani ɗaki, inda wani malami ya naɗe hannun riga, ya jera kwalabe da balan-balan a kan tebur, ya yi gwajinsa a gaban mutane ɗari da suka san aikin kamar yadda ya sani, sannan ya tsaya ya ji abin da za su ce.

Hujjata a wannan rubutu ita ce isar da kimiyya ga jama'a sana'ar hannu ce, kuma kaso mafi tsoka nata ba ya rubutuwa. Ana iya rubuta yadda za a haɗa na'ura, a rubuta bayanin da za a manna a gefenta, amma ba a iya rubuta lokacin da ya kamata mai bayani ya yi shiru, ko yadda zai gane daga fuskar yarinya 'yar shekara tara cewa ta kusa gano abin da kanta, kada ya kwafsa mata. Irin wannan sani daga mutum yake wucewa zuwa mutum, ta hanyar kallo da kwaikwayo da gyara. Saboda haka taron masu wannan aiki shi ne makarantarsu ta haƙiƙa, tun da yawancinsu ba su da wata. Wanda ya ɗauki taron a matsayin hutu da ake ba ma'aikaci bayan ya gama aikin shekara bai fahimci inda ƙwarewar cibiyarsa take fitowa ba.

Tarihin cibiyoyin da kansa ya nuna haka. Frank Oppenheimer, ƙanen Robert Oppenheimer, masanin fiziks ne wanda ya yi aiki a shirin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka. A 1949, lokacin farautar 'yan gurguzu, ya rasa aikinsa a Jami'ar Minnesota, ya koma kiwon shanu a jihar Colorado na tsawon shekaru, daga baya ya shiga koyar da kimiyya a makarantar sakandaren garin Pagosa Springs. A 1965 ya zagaya gidajen kimiyya na Turai, ya ga na Landan, da Deutsches Museum na Munich, da Palais de la Découverte na Paris inda ɗalibai ke tsayawa suna yi wa baƙi gwaje-gwaje. Da ya buɗe Exploratorium a San Francisco a 1969, ya yi abubuwa biyu da suka zama gado. Ya sa ɗakin ƙere-ƙere a fili inda kowane baƙo zai ga ana fafe katako ana walda, kuma ya ɗauki 'yan makarantar sakandare aikin yawo cikin zauren suna hira da masu ziyara. Bayan haka gidan ya wallafa littattafai uku, na farko a tsakiyar shekarun 1970, masu ɗauke da zane da awo da jerin kayan da ake buƙata domin kowa ya ƙera irin na'urorinsa. Wannan kyauta ce babba, kuma ita ta sa mutum zai shiga cibiya a wata nahiya ya tarar da madubai da pendulum da inuwa mai launi iri ɗaya da na San Francisco. Sai dai littafin na'ura kawai yake ɗaukowa. Abin da matashin nan yake yi idan ya ga dattijo ya tsaya nesa yana jin nauyin taɓawa, babu shafin da ya ƙunshe shi, kuma cibiyoyi da yawa sun kwafi ƙarfen suka bar mutumin.

Wannan matsala ba ta masu bayani kaɗai ba ce, har masana kimiyyar ma suna fama da ita. A farkon shekarun 1970 wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Harry Collins, ya bi diddigin ɗakunan bincike da ke ƙoƙarin ƙera wata sabuwar na'urar hasken leza da aka ƙirƙiro a Kanada. An wallafa bayanan yadda ake haɗa ta, amma Collins ya gano cewa babu ɗakin binciken da ya yi nasarar tayar da ita da karatun takarda kawai. Waɗanda suka yi nasara duk sun yi hulɗa kai tsaye da wanda tasa ta riga ta yi aiki, ta ziyara ko ta waya ko ta musayar ma'aikata. Wani lokaci ma mai na'urar bai san cewa wani ɗan abu da yake yi, kamar gajarta wasu wayoyi, shi ne sirrin ba, don haka bai rubuta ba. Duk wanda ya ga yaro yana koyon ƙira ya san wannan: maƙeri ba zai iya faɗa maka da baki yawan jan da ƙarfe zai yi kafin a cire shi daga wuta ba, sai dai ka zauna kusa da zugazugi har idonka ya koya. In har masu digirin digirgir da suke magana da lissafi ɗaya ba su iya miƙa wa juna na'ura ta takarda ba, ina ga wanda kayan aikinsa hankalin mutane ne, waɗanda kowanne da irin abin da ya zo da shi daga gida?

To, mene ne ainihin abin da ake koya wa juna? Mu ɗauki mafi ƙanƙantarsa, wato shiru. Mary Budd Rowe, wata malamar koyar da kimiyya a Amurka, ta naɗi muryoyin azuzuwa masu yawa ta auna tazarar da ke tsakanin tambayar malami da lokacin da yake katse jiran. Ta samu cewa yawanci bai wuce sakan ɗaya ba. Da aka horar da malamai su jira sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu, kuma yara suka fara kawo dalili maimakon kalma ɗaya. Ta wallafa wannan tun farkon shekarun 1970, kuma kusan duk wanda ya yi kwas ɗin koyarwa ya ji labarin. Amma jin labarin daban, iya tsayawa gaban mutane arba'in ka bar sakan uku su wuce daban. Shirun yana da nauyi, bakin mai bayani yana ƙaiƙayi, kuma sai ya ga wani gwani ya yi a gabansa, ya ga ɗakin bai watse ba, kafin zuciyarsa ta yarda. Haka abin yake wajen tsara na'ura. Akwai wadda take da sakamako ɗaya: ka danna, abin mamaki ya faru, ka karanta dalili, ka wuce. Akwai kuma wadda take barin baƙo ya yi ta sauya abubuwa yana gwada tunaninsa, kamar ƙwallon da ke shawagi a bakin bututun iska, inda yaro zai karkata bututun, ya sa hannu ya tare iskar, ya kawo ƙwallo na biyu. Ma'aikatan Exploratorium sun yi shekaru suna nazarin wannan bambanci, suka wallafa sakamakon a 2005, kuma sun ga cewa a wurin na'urori irin na biyu mutane sun fi daɗewa ƙwarai, sun fi yin tambayoyin kansu, sun kuma fi neman amsa daga na'urar maimakon daga allon bayani. Mai bayani da ya fahimci wannan yakan daina gaggawar ba da amsa. Idan yaro ya ce me ya hana ƙwallon faɗuwa, sai ya ce masa, “To, me kake gani zai faru in ka rufe rabin bakin bututun?”

Aiki na biyu da taro yake yi ya fi wannan ɗaci, shi ne gyaran kuskure. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a fagen gwaji gani kaɗai yana iya tabbatar wa mutum ƙarya. Ga misalin da ya shahara a makarantu a ko'ina: a kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kunna, a kife kofin gilashi a kai. Wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin kofin. Bayanin da aka daɗe ana bayarwa shi ne wuta ta cinye iskar oksijin, ruwa ya hau ya cike gurbinta, kuma tun da ruwan yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kofin, ga shaida cewa oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska. Bayanin yana da daɗin ji, kuma ba daidai ba ne. Kyandir yakan mutu tun mafi yawan oksijin ɗin yana nan, kuma ƙonewar tana fitar da wata iska, ta kabon, da ke maye wani ɓangare na abin da aka ƙone. Babban dalilin hawan ruwan shi ne zafi: iskar da kofin ya rufe ta riga ta yi zafi ta buɗe, da wutar ta mutu sai ta huce ta tsuke, tururin da ke ciki ya koma ruwa, sai iskar waje ta turo ruwan farantin ciki. Wanda ya lura zai ga ruwan ya fi hawa ne bayan mutuwar wutar, kuma in aka kunna kyandir uku maimakon ɗaya ruwan zai ƙara hawa, alhali oksijin ɗin da ke cikin kofin bai ƙaru ba. Irin wannan ne bayanin fiffiken jirgin sama da ke cewa dole iskar da ta bi ta sama da wadda ta bi ta ƙasa su haɗu a baya lokaci guda. Babu wata doka da ta tilasta haka, kuma a zahiri ta saman takan riga isa. Yaran da ke kallo ba za su taɓa gyara wa mai bayani ba, iyayensu ma tafi za su yi masa. Zai iya shekara goma yana maimaita kuskure ga dubban mutane da kyakkyawar niyya. Wurin da kawai wani zai ɗaga hannu ya ce a sake duba wannan shi ne ɗakin da abokan sana'a suka cika. Shi ya sa nake ganin lokacin gwaje-gwaje kai tsaye da ake warewa a taron ASTC, da gasar gwaji mafi kyau da ƙungiyar BIG ta masu isar da kimiyya a Birtaniya take yi a taronta, sun fi jawaban buɗe taro muhimmanci, duk da cewa a ido sun fi kama da wasa.

A nan ne mai suka na farko zai shigo, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Zai ce duk wannan nishaɗi ne aka sa masa rigar ilimi: yara su yi ihu in balan-balan ta fashe, su koma gida ba su riƙe komai ba, masu bayani kuma su taru kowace shekara suna koya wa juna yadda za a ƙara ƙarar fashewar. Akwai shaidar da ke mara masa baya, kuma daga cikin gidan ta fito. Derek Fish, wanda ya daɗe yana jagorantar cibiyar kimiyya ta Jami'ar Zululand a Richards Bay, ya yi nazari tare da abokan aikinsa a kan wani wasan kimiyya game da sauti da yake yi wa 'yan sakandare. Suka gwada ɗalibai daga makarantu iri uku, na birni da na unguwannin baƙaƙen fata da na karkara, kafin wasan da bayansa. Duka sun ji daɗin wasan, amma abin da suka fahimta ya bambanta sosai. Wato tafi ba ma'aunin fahimta ba ne. Sai dai a lura da wanda ya gano hakan: mai wasan ne da kansa, ya auna aikinsa, ya fitar da sakamakon da bai yi masa daɗi ba a bainar jama'a domin wasu su gyara nasu. Wannan ita ce ɗabi'ar da taro yake rayawa. Game da cewa aji ya fi, ya kamata a tuna da wani fim da cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian ta yi a ƙarshen shekarun 1980, inda aka tambayi mutum 23 a ranar bikin yaye ɗalibai na Harvard abin da ke kawo sauyin yanayin zafi da sanyi ko sauyin siffar wata. Mutum 21 ba su ba da amsa daidai ba. Game da yanayi, da yawa sun ce duniya ce take matsawa kusa da rana, alhali dalilin shi ne a karkace take zagaya ranar, kuma a farkon Janairu ma ta fi kusa da ita. An koya musu amsar a makaranta, sun ci jarrabawa, amma tsohon tunaninsu yana nan daram domin ba wanda ya taɓa tono shi. Ban ce awa biyu a cibiya za su maye gurbin shekara a aji ba, kuma duk cibiyar da ta yi wannan iƙirari tana yaudarar masu ba ta kuɗi. Abin da take iya yi shi ne ta sa mutum ya faɗi abin da yake zato, ya gwada, ya ga ya saɓa, ba tare da tsoron maki ba. John Falk da Lynn Dierking, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin koyo a wajen makaranta, sun ƙiyasta cewa Ba'amurke yana yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na rayuwarsa a cikin aji. Sauran lokacin ma yana buƙatar malamai, kuma su ma suna buƙatar horo.

Babban sauyin da aka samu a wannan fage cikin shekaru arba'in shi ne komawa daga faɗa wa jama'a zuwa sauraronsu, kuma tarurruka ne suka yaɗa shi har ya kai ga ƙaramin ma'aikaci. A 1985 ƙungiyar Royal Society ta Birtaniya ta fitar da rahoto ƙarƙashin Walter Bodmer da ke kira ga masana su fito su wayar da kan jama'a. Tunanin da ya biyo baya a aikace shi ne mutane suna ƙin abin da kimiyya ta zo da shi ne saboda rashin sani, in an cika su da bayani za su yarda. Shekara guda bayan haka tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, ruwan sama ya sauke gubar a tsaunukan Cumbria da ke arewacin Ingila, gwamnati ta hana sayar da tumakin yankin, masana suka ce cikin makonni uku abin zai wuce. Lissafinsu ya ginu ne a kan ƙasa mai yumɓu wadda take riƙe sinadarin siziyom, alhali ƙasar tsaunukan mai tsami ce, tana sakinsa ya koma cikin ciyawa. Takunkumin bai gama tashi daga gonakin ƙarshe ba sai 2012. Brian Wynne, wanda ya yi nazarin lamarin, ya nuna cewa makiyayan sun san ƙasarsu da halin dabbobinsu fiye da baƙin masanan, an yi biris da saninsu, kuma rashin yardarsu yana da tushe a tsohuwar mu'amalarsu da tashar nukiliya ta Sellafield da ke maƙwabtaka da su. A 2000 wani kwamitin majalisar dattawan Birtaniya ya fito fili ya ce abin da ake buƙata shi ne tattaunawa. Mu a ƙasar Hausa ba sai an kai mu Cumbria ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, ba ƙarancin takardun wayar da kai ne ya jawo ba. Mutane suna tune da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, suna kuma tambayar dalilin da ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon kyauta alhali asibiti babu maganin zazzaɓi. An koma rigakafin a 2004 bayan an sake gwada maganin an kuma samo shi daga Indonesiya, kuma aikin bai kankama sosai ba sai da sarakuna da malamai suka shiga ciki. A 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Mai bayanin da bai koyi tambayar mutum abin da yake tsoro da dalilin tsoron ba, zai yi ta ƙara murya ne kawai.

Wani zai ce wannan hanya tana da haɗari: in kullum mai bayani yana mayar da tambaya da tambaya, yana girmama ra'ayin kowa, ashe ba zai bar mutane su tafi da zaton cewa kowace magana daidai ce ba? Haɗarin gaskiya ne, kuma akwai masu fakewa da tattaunawa domin gudun faɗin abin da ba a son ji. Amma sauraro ba ya nufin sallamawa. Rigakafin shan inna ba ya hana haihuwa, kuma uban da ya tambaya ya cancanci a faɗa masa haka ƙarara, tare da yadda aka sani. Yaron da yake son duban rana da ido lokacin husufi ba a tambayarsa me yake gani zai faru; hana shi ake yi. Ƙwarewar tana wajen rarrabe tambayar da na'urar da ke gaban mutum za ta iya amsa masa cikin minti biyu, wadda ya kamata a bar masa, da tambayar da ba shi da hanyar gwadawa, wadda riƙe amsarta rowa ce. Babu ƙa'idar da za a rubuta ta raba waɗannan biyu a kowane hali. Ana koyonta ne daga labaran waɗanda suka yi kuskure ta kowane ɓangare, kuma mutum ya fi sakin irin wannan labari a gaban tsararsa fiye da a rahoton da zai aika wa mai ba da tallafi.

Suka mafi nauyi a wurina ita ce ta wanda zai ce waɗannan tarurruka na masu hali ne, kuma dabarar da aka gasa a San Francisco ko Munich ba lallai ta ci a wani wuri ba. Ko a Landan ma ba kowa take ci ba. Emily Dawson ta raka ƙungiyoyin baƙi masu ƙaramin ƙarfi, cikinsu har da 'yan Somaliya da 'yan Saliyo, zuwa gidajen kimiyya, ta ga yadda suka fito da jin cewa ba domin su aka gina wuraren ba: bayanin da Turancin da ya fi ƙarfinsu, na'urorin suna ɗauka cewa kowa ya san ƙa'idar wasan, kuma ko da shiga kyauta ce, kuɗin mota da ranar aiki da aka rasa ba kyauta ba ne. Amsata ita ce wannan dalili ne na faɗaɗa taron, domin mafi yawan maganin matsalar daga wajen Turai da Amurka ya fito. Gidan kimiyya na Birla da ke Kalkata ya fara ɗora na'urori a mota yana kai su ƙauyuka tun 1965. Arvind Gupta ya shafe rayuwarsa a Indiya yana nuna yadda ake yin kayan gwaji da ashana da robar taya da tsinken shan lemo. Questacon ta Ostireliya, wadda ta fara a wata tsohuwar makarantar firamare a Canberra a 1980, ta soma tura ɗalibai da babbar mota zuwa garuruwa masu nisa a 1985. Kuma a Jigawa, Mohammed Bah Abba, malami daga gidan magina tukwane, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Wannan tukunya cikakkiyar na'urar gwaji ce: a sa ma'aunin zafi a ciki, a gwada ta a inuwa da rana, da rani da damina, yaro zai gano da kansa cewa ruwa yana tafiya da zafi idan yana bushewa, kuma zai gane dalilin da ya sa ruwan randa ya fi sanyi lokacin hunturu da bazara fiye da lokacin da iska ta jiƙe. Malamin da ya zo taro daga wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas yana da abin koyarwa, domin dole ta sa ya gano mene ne ainihin gwajin bayan an cire masa ado. Haka kuma shi ne ya san wahalar bayyana matsin iska da harshen da yaro yake mafarki da shi, matsalar da sakamakon Richards Bay ya nuna ba ƙarama ba ce.

Saura masu cewa intanet ta wadatar, tun da ga dubban bidiyon gwaje-gwaje kyauta. Bidiyo ya yi amfani ƙwarai, musamman ga malamin da ba zai taɓa samun biza ba, kuma shekarun korona sun nuna cewa ana iya yin wani ɓangare na taro daga nesa. Amma bidiyo yana nuna karon da gwajin ya yi kyau ne, an yanke sau shidan da ya ƙi. Kyamara tana kallon hannun mai gwaji, alhali abin da sabon ma'aikaci yake buƙatar gani shi ne fuskokin masu kallo da yadda gwanin yake karanta su. Kuma bidiyo ba ya kallonka kana yi ya ce ka tsaya ta wancan gefen, kana tare wa yara gani. Inda sukar tsadar taro ta yi gaskiya shi ne wajen wanda ake turawa. Kuɗin rajista da jirgi da masauki sukan sa cibiya ta tura darakta da shugaban sashe, masu bayani kuwa, waɗanda yawancinsu matasa ne masu aikin wucin gadi da ƙaramin albashi, su zauna tsaron zaure. Su ne suke magana da baƙi daga safe zuwa yamma, su ne kuma suke barin aikin bayan shekara biyu ko uku su tafi da duk abin da suka koya. Cibiyar da ke da kuɗin kujera biyu a taro ya kamata ɗaya ta zama ta wanda yake tsaye a zaure, kuma a ɗora masa sharaɗin cewa zai je da gwaji ɗaya nasa ya yi a gaban mutane, in ya dawo kuma ya yi wa abokan aikinsa uku daga cikin waɗanda ya gani. Inda kuɗin jirgi ya gagara gaba ɗaya, taron yanki irin na SAASTEC, ko ma haɗuwar malaman kimiyya na makarantu goma a ɗakin gwaji guda ranar Asabar, kowa da kwalinsa na kaya, yana yin aikin da babban zauren Cape Town ya yi, matuƙar an yarda cewa duk wanda ya gama gwajinsa zai tsaya a yi masa gyara.